Daga Zomon Rasha Zuwa Takardar Awo a Zongon Kwatano: Tarihin Awon 'Yan Dakon Kitse a Cikin Jini

Gabatarwa

Unguwar Zongo da ke birnin Kwatano a Jamhuriyar Benin ta samo sunanta ne daga kalmar Hausa "zango", wato masaukin da ayarin fatake ke yada kaya su huta. Tun ƙarnukan baya fataken goro da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sukan ratsa arewacin ƙasar ta garuruwa irin su Nikki da Parakou da Zugu, suna barin zanguna a bayansu. Da kasuwanci ya karkata zuwa bakin teku, sai Hausawa da sauran Musulmin arewa suka gangaro Kwatano, unguwarsu ta kafu da babban masallacinta da 'yan kasuwarta. Kamar sauran zanguna na Afirka ta Yamma, fawa da gashin nama suna cikin sana'o'in da aka san Bahaushe da su a can.

A yau idan likita ya tura mazaunin Zongo awon kitsen jini, yakan dawo da takarda rubutacciya da Faransanci mai ɗauke da layuka huɗu: jimillar kolastarol, da HDL, da LDL, da tirigiliserid. Adadin yakan zo ne da giram a kowace lita, alhali ɗan'uwansa na Kano ko Zariya yakan ga nasa da milimol a lita ko miligiram a desilita. Ma'aunin ne kawai ya bambanta, domin giram 2 a lita daidai yake da miligiram 200 a desilita, ko kimanin milimol 5.2. Waɗannan layuka huɗu sakamako ne na aikin da ya haura shekara ɗari, kuma kaso mai yawa na aikin an yi shi ne a jikin dabbobi: zomaye da dawakai da karnuka da kaji da ɓeraye. Wannan muƙala ta bi diddigin tarihin, tare da fito da darasin da ke cikinsa ga duk wanda ya taɓa jin an ce wani magani "an gwada shi a kan dabbobi".

Ma'anar Muhimman Kalmomi

Hausa ta bambanta kitse da mai da maiƙo. Kitse shi ne daskararren farin abin da mahauci ke yankowa daga jikin dabba. Mai shi ne narkakke, kamar na gyaɗa ko na shanu, maiƙo kuwa shi ne alamar da mai ke bari a hannu ko a saman miya. Kolastarol dangin waɗannan ne, amma ya fi kama da kaki. Masanin sinadarai na Faransa Michel Chevreul ne ya raɗa masa suna wajen shekarar 1815, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ruwan matsarmama da kuma daskararren abu, saboda a cikin tsakuwar matsarmama aka fara gano shi. Jiki ba ya rayuwa sai da shi, domin da shi ake gina bangon ƙwayoyin halitta, da ruwan matsarmama, da wasu sinadaran jinsi, da bitamin D. Mafi yawansa ma jiki ne ke ƙera abinsa, musamman a hanta.

Matsalar ita ce mai da ruwa ba sa haɗuwa, jini kuma akasarinsa ruwa ne. Don haka kitse ba ya tafiya a jini shi kaɗai, sai an naɗe shi cikin wasu ƙananan ƙunshi masu rufin furotin. Su ne masana ke kira lifofurotin, a wannan muƙala kuwa za a kira su 'yan dakon kitse. Wanda ake kira LDL shi ke ɗaukar kolastarol ya kai wa sassan jiki, kuma idan ya yi yawa yakan maƙale a bangon jijiyoyin jini. Wanda ake kira HDL yakan kwaso ragowar ya mayar hanta. Kowane ɗan dako yana da furotin da ake gane shi da shi: apoB ga LDL, apoA-I ga HDL.

Zomayen San Fitasbag

A shekarar 1908 wani likitan Rasha mai suna Alexander Ignatowski, a Kwalejin Likitancin Soja ta San Fitasbag, ya riƙa ciyar da zomaye nama da madara da ƙwai. Da ya feɗe su sai ya tarar da tabo mai kauri a babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, irin wanda ake gani a jikin tsofaffin mutane. Shi dai ya ɗora laifin ne a kan furotin ɗin dabba. Bayan shekara biyu, a 1910, Bajamushe Adolf Windaus ya auna irin wannan tabo a jijiyoyin mutane, ya nuna cewa kolastarol ɗin da ke cikinsa ya ninka na lafiyayyar jijiya sau da yawa.

Wanda ya haɗa zaren biyu shi ne Nikolai Anichkov, matashin masanin cututtuka a wannan kwaleji ta soja. A 1913 shi da ɗalibinsa Semen Chalatov suka tace kolastarol tsantsa daga gwaiduwar ƙwai, suka narkar da shi cikin man tsiro, suka riƙa ɗura wa zomaye. Cikin 'yan watanni jijiyoyin zomayen suka cika da tabo, waɗanda aka ba man tsiro zalla kuwa ba abin da ya same su. Wannan ne karo na farko da aka haifar da cutar toshewar jijiya da sinadari guda ɗaya tak.

Sai dai duniyar likitanci ba ta karɓi sakamakon hannu bibbiyu ba. Masu suka sun ce zomo ciyawa yake ci, bai gaji cin ƙwai ba, don haka ba abin mamaki ba ne ya cutu. Da wasu suka maimaita gwajin a kan karnuka da ɓeraye, ba su ga komai ba, lamarin da ya ƙara wa masu sukar ƙarfi. Abin da ba a fahimta ba a lokacin shi ne kare da ɓera suna saurin mayar da kolastarol ruwan matsarmama su fitar, saboda haka ba ya taruwa a jininsu. A 1946 Alfred Steiner da Forrest Kendall na birnin New York suka nuna cewa idan aka rage aikin maƙoƙon kare da magani sannan aka ciyar da shi kolastarol, jininsa yakan cika da shi, jijiyoyinsa kuma su kamu kamar na zomo. Ashe abin lura shi ne yawan da ya zauna a jini, ba yawan da aka haɗiya kaɗai ba.

Jinin Doki da Na'urar Majaujawa

A zamanin Anichkov jimillar kolastarol kawai ake iya aunawa, ta hanyar zuba wasu sinadarai masu ƙuna da ke mayar da shi kore, dabarar da Liebermann da Burchard suka fito da ita a ƙarshen ƙarni na 19. Ba wanda ya san yadda yake tafiya a cikin jini. A 1929 Michel Macheboeuf na Cibiyar Pasteur da ke Paris ya ware wani abu daga ruwan jinin doki, wanda rabinsa furotin ne rabinsa kitse, amma duk da haka yana narkewa a ruwa. Shi ne ɗan dako na farko da ido ya gani a kwalba, kuma daga baya aka gane cewa dangin HDL ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Edwin Cohn da John Oncley na Jami'ar Harvard, waɗanda ke rarraba ruwan jini domin jinyar sojoji, sun lura cewa 'yan dakon sun kasu manyan gida biyu.

Babban sauyi ya zo ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. John Gofman masanin sinadarai ne da ya yi aiki a shirin ƙera makamin nukiliya na Amurka, sannan ya karanci likitanci. Ya yi amfani da na'urar majaujawa wadda Theodor Svedberg na ƙasar Suwidin ya ƙirƙira, wadda ke wulwula kwalbar jini fiye da juyi 50,000 a minti ɗaya. Waɗanda suka riga shi sun sha wahala domin 'yan dakon kan cakuɗe da sauran furotin. Gofman da abokin aikinsa Frank Lindgren sai suka ƙara gishiri a ruwan jinin don ya yi nauyi. Da aka wulwula, sauran furotin suka nutse, 'yan dakon kitse suka taso sama, kamar yadda mai ke tasowa idan Bafulatana ta kaɗa nono a cikin gora. Kowane iri yana da saurin tasowarsa, da wannan saurin aka bambanta su. Sun wallafa dabarar a 1949.

A 1950 suka gwada ta a kan zomayen da aka ciyar da kolastarol. Sun tarar cewa ba duk 'yan dakon ne suka ƙaru daidai ba, wani rukuni ne mai sauƙin nauyi ya cika jinin, kuma yawansa ya tafi tare da munin tabon jijiya. Da suka duba jinin mutanen da suka taɓa samun bugun zuciya, sai suka ga makamancin rukunin ya yi yawa a jikinsu. Daga nan tambaya ta sauya. Maimakon a tsaya kan yawan kolastarol, sai aka koma tambayar wane ɗan dako ne ke ɗauke da shi.

A 1955 Richard Havel da Howard Eder da Joseph Bragdon suka daidaita hanyar rarraba 'yan dakon bisa nauyinsu. A ma'auninsu LDL yana tsakanin giram 1.019 da 1.063 a mililita, HDL kuma tsakanin 1.063 da 1.21. Har yau waɗannan iyakoki ne ake komawa gare su.

Yadda Awon Ya Sauko Ƙananan Ɗakunan Gwaji

Na'urar majaujawa tana da tsada, kuma aikinta na cin kwanaki. Da a kanta aka tsaya, da awon bai iso Kwatano ko Maraɗi ba. Abubuwa uku ne suka sauƙaƙa shi. Na farko, Meyer Burstein da abokan aikinsa sun nuna a 1970 cewa akwai sinadaran da ke sa duk 'yan dako masu apoB su dunƙule su kwanta a gindin kwalba, HDL kaɗai ya rage a sama a auna shi. Na biyu, a 1972 William Friedewald da Robert Levy da Donald Fredrickson suka fito da lissafi mai sauƙi: a ɗauki jimillar kolastarol, a cire HDL, a cire kashi ɗaya bisa biyar na tirigiliserid, abin da ya rage shi ne LDL. Misali, mai jimilla giram 2.20, da HDL 0.45, da tirigiliserid 1.50, LDL ɗinsa zai kama 1.45. Su da kansu sun yi gargaɗi cewa lissafin ba ya aiki idan tirigiliserid ya wuce miligiram 400 a desilita. Na uku, a 1974 Charles Allain da abokansa suka samar da awon da ke amfani da sinadaran enzayim maimakon masu ƙuna. Da waɗannan ukun ne ƙaramin ɗakin gwaji a kowace unguwa ya sami ikon fitar da layuka huɗun nan a yini guda.

Zomon Watanabe da Kajin Endo

A 1973 wani likitan dabbobi a Jami'ar Kobe ta Japan, Yoshio Watanabe, yana auna jinin zomayensa sai ya ci karo da wani namiji mai kolastarol miligiram 447 a desilita, kusan ninki goma na sauran, alhali abincinsu ɗaya. Ya yi shekaru yana haɗa zuriyarsa aure har ya samar da iri mai gadon wannan lalura, wanda ya bayyana wa duniya a 1980. A daidai wannan lokaci Michael Brown da Joseph Goldstein na birnin Dallas a Amurka sun gano cewa ƙwayoyin jiki suna da makarɓa, wata ƙofa da ke cafke LDL daga jini ta shigar da shi ciki, kuma mutanen da suka gaji hauhawar kolastarol wannan ƙofa ce ta lalace musu. Da aka binciki hantar zomon Watanabe sai aka tarar ita ma ba ta da makarɓa mai aiki. Wannan zomo ya toshe bakin tsohuwar sukar da aka yi wa Anichkov, domin ba a ba shi ƙwai ba, abincin zomo ya ci, amma hauhawar LDL kaɗai ta toshe masa jijiya. Brown da Goldstein sun sami lambar yabo ta Nobel a 1985.

Labarin Akira Endo na kamfanin Sankyo da ke Tokyo ya nuna ɗaya fuskar lamarin. Endo ya bincika nau'o'in funfuna kusan 6,000 yana neman sinadarin da zai hana hanta ƙera kolastarol, har ya same shi. Da aka ba ɓeraye sai bai yi musu komai ba, aikin ya kusa mutuwa. A 1976 aka gwada shi a kan kaji masu ƙwai, kolastarol ɗinsu ya faɗi ƙwarai, haka ma karnuka da birai. Wannan shi ne mafarin magungunan sitatin, waɗanda aka amince da na farkonsu a Amurka a 1987, kuma a yau miliyoyin mutane ke sha. Da an tsaya kan hukuncin ɓera, da an watsar da shi.

Dalilin Da Ya Sa Dabbobi Suka Bambanta

Bahaushe ya ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Haka dabbobin gwaji suke da mutum: jini ya haɗa su, amma kowa da tsarin dakonsa. Mutum yana ɗauke da mafi yawan kolastarol ɗinsa a cikin LDL. Ɓera da kare da doki da saniya kuwa a cikin HDL suke ɗauke da nasu. Wani dalili shi ne furotin mai suna CETP, wanda ke sauke kolastarol daga HDL ya loda wa dangin LDL. Mutum da zomo da biri suna da shi, ɓeraye ba su da shi. Saboda haka ɓera yana da wuyar kamuwa da toshewar jijiya, sai a 1992 da ƙungiyoyi biyu, ta Nobuyo Maeda a North Carolina da ta Jan Breslow a New York, suka cire wa ƙananan ɓeraye ƙwayar gadon furotin apoE, sannan aka sami ɓeran da ke kamuwa da cutar da kansa.

Wannan bambanci yana shafar awo kai tsaye. Lissafin Friedewald daga jinin mutane aka ciro shi, kuma kashi ɗaya bisa biyar ɗin nan ya dogara ne kan tsarin 'yan dakon mutum. Idan aka ɗora shi kan jinin ɓera, ko na zomon da aka cika da kolastarol, adadin LDL da zai fito yana iya kaucewa gaskiya. Shi ya sa ƙwararru ke fifita rarraba 'yan dakon dabba ɗaya bayan ɗaya, ko auna furotin apoB da apoA-I kai tsaye.

Yadda Lamarin Ya Shafi Ƙasar Hausa da Maƙwabta

A jami'o'in wannan yanki, daga Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano har zuwa Abomey-Calavi da ke gefen Kwatano, farin ɓera irin Wistar shi ne dabbar gwaji da aka fi amfani da ita, saboda sauƙin kiwo da araha. Sunan ya fito ne daga Cibiyar Wistar da ke Philadelphia, inda aka fara renon irin a farkon ƙarni na 20. Tsarin da aka saba shi ne a raba ɓeraye rukuni-rukuni, a ciyar da wasu abinci mai kitse da kolastarol, a ba wasunsu ruwan wani ganye ko saiwa, bayan makonni a ɗebi jini a auna. A shekarar 2000 masu bincike a Inugu sun wallafa cewa ruwan ganyen zogale ya rage kolastarol a jinin ɓerayen da aka ciyar da kitse. A 2003 wasu masana a Taiwan sun ba da rahoton cewa zoɓo ya rage tabon jijiya a jikin zomaye. Irin waɗannan bincike suna da daraja, domin suna nuna inda ya kamata a duba.

Haɗarin yana zuwa ne idan sakamakon ya fita daga ɗakin gwaji ya shiga bakin masu talla. Mai magani a tasha ko a rediyo yakan ce masana sun tabbatar, ba tare da faɗin cewa a jikin ɓera aka gani ba, na 'yan makonni, da adadin da ya yi daidai da nauyin ɓera. Mai lalurar da ya ajiye maganin likita saboda wannan yana yi wa rogo kallon kitse ne, kuma hauhawar LDL ba ta da zafi balle ta yi masa gargaɗi. Sau da yawa alamarta ta farko ita ce bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Ko tsakanin mutane ma lissafin bai tsaya kan abinci kaɗai ba. A 2001 Robert Glew da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a kan Fulani makiyaya na tsaunin Jos, inda suka tarar cewa duk da yawan nono da man shanu a abincinsu, kitsen jininsu bai nuna babban haɗari ba. Sun danganta hakan da yawan tafiyar ƙasa da ƙarancin jimillar abin da suke ci. Wannan hukunci ba zai hau kan mai shago a Zongon Kwatano ba, wanda ke wuni a zaune, ya hau zemijan zuwa gida, ya rufe dare da tsire da lemon kwalba. Gado ma yana da nasa rabon, domin an ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 250 yana ɗauke da irin lalurar zomon Watanabe, kuma siriri ma yana iya zama cikinsu.

Kammalawa

Tarihin ya faro ne daga zomon Anichkov na 1913, wanda ya nuna cewa kolastarol na iya toshe jijiya. Dokin Macheboeuf ya bayyana cewa kitse yana da 'yan dako, majaujawar Gofman ta rarrabe su, zomon Watanabe ya tabbatar da laifin LDL, kajin Endo kuma suka ceto maganin da ɓera ya kusa binnewa. A kowane mataki, dabbar da aka zaɓa da hanyar da aka bi wajen awo su ne suka yanke abin da aka gani. Don haka ɗalibin da ya ci karo da rahoton irin wannan bincike, ko yana son fassara shi zuwa Hausa, yana da tambayoyi huɗu da zai fara yi: wace dabba ce aka gwada, wane ɗan dako aka auna, auna shi aka yi ko lissafa shi, kuma an maimaita gwajin a jikin mutane ko ba a kai can ba. Mazaunin Zongo kuwa da takardar awo ta shigo hannunsa, layin LDL shi ne wanda ya fi cancanta ya zauna da likitansa a kai.